Ina Filin Ɗalibin Da Ba Ya Cikin Tawagar Jami'a?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani ɓangare na rayuwar jami'a wanda ba kasafai yake samun shiga shafin wasanni ba. Duk lokacin da aka buɗe gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, wadda aka fara tun 1966 a Ibadan, jaridu sukan kawo mana sunan jami'ar da ta fi kwasar zinare, da hoton shugabanta yana ɗaga kofi. Wannan abin farin ciki ne, ba na kuma raina shi. Sai dai ɗaliban da ake ɗauka a mota a kai su irin wannan gasa 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta su da dubban da aka bari a ɗakunan kwana, waɗanda ba gwanaye ba ne, ba kuma za su taɓa zama gwanaye ba, amma suna da jiki mai bukatar motsi da ƙwaƙwalwa mai bukatar hutu. A kan waɗannan nake son yin magana, kuma zan bi ta tarihin Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor a Amurka, domin can ne aka fara ɗaukar wasan ɗalibi gama-gari a matsayin aikin da ya cancanci ofis, da ma'aikata, da gini nasa na kansa.

A farkon al'amari, hukumomin jami'o'in Amurka ba su da hannu a wasanni ko kaɗan, wasu malaman ma kallon ɓata lokaci suke yi musu. Ɗalibai ne da kansu suke haɗa kuɗi su sayi ƙwallo, su shata fili, su kuma naɗa wanda zai raba gardama, kuma yawanci ana karawa ne tsakanin 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu. Masu bin tarihin wannan fanni sukan ambaci wasan besbol da aka buga tsakanin azuzuwan nan biyu a Jami'ar Princeton a 1857 a matsayin ɗaya daga cikin karawar cikin gida, wato tsakanin ɗaliban jami'a ɗaya, ta farko da aka adana labarinta. A daidai wannan zamani ne kuma aka fara karawa tsakanin jami'a da jami'a: Harvard da Yale sun yi tseren kwale-kwale a 1852, Rutgers da Princeton kuma suka buga ƙwallo a 1869. Tun daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya tana tara 'yan kallo da kuɗin ƙofa da suna, ɗayar kuwa ba ta tara komai sai gumi, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ta farko ta yi saurin danne ta biyu.

Michigan jiha ce mai tsananin sanyi, inda dusar ƙanƙara take rufe filaye watanni da dama a shekara, don haka babu maganar motsa jiki a lokacin hunturu sai da rufaffen ɗaki. Ɗalibai sun daɗe suna neman a gina musu irin wannan ɗaki ba su samu ba, har sai da wani attajirin Detroit mai suna Joshua Waterman ya yi alkawarin dala 20,000, bisa sharaɗin a tara kwatankwacinta daga wasu hannaye. Aka buɗe ɗakin motsa jiki na Waterman a 1894. Amma ba a jima ba hankalin jami'ar ya koma wani wuri. A 1901 aka ɗauko Fielding Yost ya horar da tawagar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga, kuma a ranar farko ta 1902 yaransa suka lallasa Jami'ar Stanford da ci 49 da nema. Jama'a suka riƙa tururuwa zuwa kallo, aka gina filin Ferry a kan ƙasar da Dexter Ferry ya bayar, kuɗi ya fara shigowa, kuma duk wani fili mai kyau da kayan wasa masu kyau suka zama na tawagar jami'a. Ɗalibin da bai samu shiga tawaga ba, abin da ya rage masa shi ne ya sayi tikiti ya zauna ya yi tafi.

Wannan hali ba a Michigan kaɗai aka shiga shi ba, kuma ya kai matsayin da ya tayar da hankalin ƙasar baki ɗaya. A kakar 1905 an ba da rahoton mutuwar 'yan wasa 18 a filayen wannan ƙwallo, a cikin wannan kaka ce kuma shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, abin da ya share fagen kafa hukumar kula da wasannin jami'o'in ƙasar, wadda ta ɗauki sunan NCAA a 1910. Malamai suka fara tambaya a fili cewa mene ne amfanin wasan da mutum goma sha ɗaya suke karya ƙasusuwansu dubbai na kallo, alhali jami'a ta yi alkawarin tarbiyyar kowa da kowa ne. Daga wannan tambaya ce aka samu matakin 1913, shekarar da Michigan da Jami'ar Jihar Ohio, kowacce a nata ɓangare, suka kafa sashen wasannin cikin gida a ƙarƙashin jami'i guda mai albashi. Floyd Rowe ne ya fara riƙe na Michigan, John Wilce kuma na Ohio. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja, domin gwajin lafiya da aka yi wa samarin da aka kira aikin soja ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da ƙoshin lafiyar da ake bukata.

Mutumin da ya ɗora sashen na Michigan a kan ƙafafunsa shi ne Elmer Mitchell, tsohon ɗalibin jami'ar wanda ya horar da tawagar ƙwallon kwando shekara biyu kafin ya karɓi ragamar wasannin cikin gida a 1919. A nan nake son mai karatu ya tsaya ya lura, domin abin da ya sa ake kiran Mitchell uban wannan fanni ba wata baiwa ba ce ta buga ƙwallo, aikin ofis ne tsantsa, irin wanda ba ya jawo tafi. Ya gane cewa ɗalibi ba ya fitowa wasa don an yi masa wa'azin lafiyar jiki, yana fitowa ne don abokan zamansa suna jiransa, kuma idan bai zo ba ƙungiyarsu za ta gaza cika. Saboda haka aka gina gasar a kan rukunonin da ɗalibai suka riga suka saba da su, wato azuzuwa, da tsangayoyi, da ƙungiyoyin zumunci masu gidajen kwanansu, sannan aka buɗe ƙofa ga waɗanda ba su cikin kowace ƙungiya su haɗa tasu. Ana tara maki ne tsawon shekara a wasanni iri-iri, ƙungiya tana samun maki saboda shiga gasa kawai, sannan a ƙara mata idan ta yi nasara, ta yadda ƙungiyar da ta fito a kowane wasa tana iya shan gaban wadda ta ƙware a wasa ɗaya tak. Wanda ya riga ya yi suna a tawagar jami'a ba a barinsa ya shigo wasan da ya ƙware a kai ya hana na baya taɓa ƙwallo. Alƙalan wasa da masu rubuta sakamako kuwa daga cikin ɗalibai ake horar da su. A 1925 Mitchell ya tattara wannan tsari a littafi, wanda ya zama abin dubawa ga sauran makarantun ƙasar.

Wani abin da ya burge ni game da shi shi ne yadda bai ɗauki wasannin da ya tarar a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Ƙwallon ƙafa irin na Amurka yana bukatar hular kwano da kayan kare kafaɗa masu tsada, kuma wanda bai samu horo ba yana iya jin mummunan rauni. Maimakon ya tilasta wa ɗalibai abin da bai dace da su ba, a 1921 Mitchell ya ƙirƙiro wani wasa mai suna speedball, wanda ya haɗa dokokin ƙwallon ƙafar da muka sani da na ƙwallon kwando, ana bugawa da ƙafa idan ƙwallo na ƙasa, a cafe da hannu idan ta tashi sama. Ba a bukatar komai sai ƙwallo ɗaya da fili. Wasan bai zama na duniya ba, amma ya yi aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa, ya kuma bazu a makarantun Amurka da dama.

Labarin ginin da aka yi wa wannan sashe ya fi kowane ɓangare na tarihin ɗaukar hankalina, domin ya nuna cewa ba kyautatawa ce ta kawo shi ba, ciniki ne. Bayan Yost ya zama daraktan wasanni a 1921, babban burinsa shi ne gina katafaren filin ƙwallo, domin filin Ferry ya yi wa 'yan kallo kaɗan. Wasu malamai suka tsaya kai da fata cewa jami'a ba gidan kallo ba ce, kuma ƙara wa ƙwallo girma ƙara nisanta ɗalibai ne daga karatu. Da gardama ta yi tsawo sai aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Edmund Day, shugaban tsangayar nazarin kasuwanci, wanda ya miƙa rahotonsa a 1926. Kwamitin ya amince a gina filin, amma ya haɗa amincewar da bukatar a faɗaɗa wuraren wasa na sauran ɗalibai, a kuma yi amfani da kuɗin da ƙwallo ke kawowa wajen yin hakan. Yost, wanda ɗan siyasa ne a harkarsa, ya rungumi taken wasanni ga kowa da kowa. Aka sayar da takardun lamuni na dala 500 kowace ɗaya, wanda ya saya kuma yana da damar samun kujera mai kyau a filin tsawon shekara goma. Aka buɗe babban filin Michigan a 1927, wanda a yau yake ɗaukar mutum fiye da 107,000, sannan a 1928 aka buɗe ginin wasannin cikin gida, na farko irinsa a wata jami'a a Amurka, wanda ya ci dala 743,000. Idan aka tuna cewa shi kansa babban filin dala 950,000 ya ci, za a ga cewa kason ɗalibi gama-gari ba ragowar tukunya ba ne. Ra'ayina shi ne, da malaman nan ba su yi taurin kai ba, da filin kallo kaɗai za a gina.

Ginin yana nan har yau a kan titin Hoover, na jan bulo ne mai manyan tagogi. An yi masa babban zaure da ke ɗaukar filayen ƙwallon kwando da yawa a lokaci guda, da wurin ninkaya wanda ake iya ɗaga bangon da ke gefensa idan ana son 'yan kallo su zauna, da ɗakuna masu yawa na buga ƙwallo a jikin bango. A waɗannan ɗakuna ne wani ma'aikacin sashen mai suna Earl Riskey ya lura cewa 'yan wasan tanis suna shigowa atisaye idan sanyi ya hana su fita, sai ya ƙirƙiro wasan paddleball a 1930, wanda ake bugawa da faifan katako. Shekara guda kafin haka, a 1929, Gidauniyar Carnegie ta fitar da wani dogon rahoto da ya caccaki yadda kuɗi da farautar 'yan wasa suka ɓata gasar jami'o'i, ya kuma nuna cewa a wasannin cikin gida ne ake samun abin da ya fi kusa da manufar ilimi.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa wannan kowa da kowa da Yost yake ambata bai haɗa da kowa ba. Jami'ar ta karɓi mace ta farko, Madelon Stockwell, tun 1870, amma ginin 1928 don maza aka yi shi. Mata suna da nasu tsarin daban. An gina musu ɗakin motsa jiki na Barbour a jikin na Waterman, kuma likita Eliza Mosher, wadda aka naɗa shugabar harkokin ɗalibai mata ta farko a 1896, ita ce take kula da lafiyarsu da motsa jikinsu. A 1905 suka kafa ƙungiyar wasanninsu, suka samu filin Palmer, aka kuma yi musu gini a kansa a 1928. Malamai mata da suka riƙe wannan ɓangare sun daɗe suna ƙin a mayar da wasan 'yan mata abin kallo da kuɗin ƙofa, suna ganin abin da ya faru ga maza ya isa ishara, saboda haka kusan duk wasannin mata na wancan zamani na cikin gida ne. Abin da ya cutar da su, a ganina, ba keɓewar ba ce, domin keɓewar ta ba su damar tafiyar da al'amuransu da hannunsu. Abin da ya cutar da su shi ne rabon da ba a yi daidai ba, a kuɗi da fili da kayan aiki. Wannan bai fara sauyawa sosai ba sai bayan dokar tarayya ta 1972 da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Baƙaƙen fata ma sun ɗanɗana nasu. A 1934, Yost yana daraktan wasanni, aka ajiye Willis Ward, ɗan ƙwallon Michigan baƙar fata, a benci ranar karawa da tawagar kwalejin Georgia Tech, saboda baƙin da suka zo daga kudancin ƙasar sun ce ba za su shiga fili da baƙar fata ba. Abin mamaki shi ne, ƙungiyar da ta haɗa kan ma'aikatan wannan fanni a duk faɗin Amurka daga hannun baƙaƙen fata ta fito. William Wasson, malami a Jami'ar Dillard da ke New Orleans, ya yi karatu a Michigan a wurin Mitchell, ya koma ya zagaya kwalejojin baƙaƙen fata yana nazarin yadda suke tafiyar da wasannin cikin gida da ɗan abin da suke da shi. A ranar 22 ga Fabrairu, 1950, ya tara jami'ai 20 daga kwalejoji 11 a Dillard, suka kafa ƙungiyar da tun 1975 ake kira NIRSA. Akwai mata cikin waɗanda suka kafa ta, amma a 1959, bayan ta bunƙasa, aka kaɗa ƙuri'ar fitar da mata daga cikinta, ba a mayar da su ba sai 1971.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Yawan ɗalibai ya ƙaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bukatunsu kuma suka sauya, domin da yawa ba gasa suke so ba, wuri kawai suke nema su yi gudu, ko ninkaya, ko ɗaga ƙarfe a lokacin da ya dace da su. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe sababbin cibiyoyi biyu da maza da mata ke amfani da su, aka rushe Waterman da Barbour a 1977. Da gine-ginen suka tsufa, ɗalibai ne da kansu suka nemi a gyara, kuma a 2013 hukumar jami'ar ta amince da ƙarin dala 65 a kan kowane ɗalibi a kowane zangon karatu domin gyaran wuraren wasa da zaurukan taron ɗalibai. Da wannan kuɗi aka gyara tsohon ginin 1928, aka sake buɗe shi a 2016. An faɗa wa mai biya adadin kuɗin, an faɗa masa ginin da za a kashe su a kai, ya kuma ga aikin da idonsa.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin masu kuɗi ne, ina ruwanmu da shi. Amsata ita ce, ginshiƙin tsarin Mitchell, wato gasa tsakanin rukunonin da ke zaune tare, ba baƙo ba ne a wurinmu, mun ma same shi ta wata hanyar tun da daɗewa. Turawan Ingila sun kawo tsarin gidaje a makarantun kwana, kuma duk wanda ya yi sakandare a Arewa ya san yadda gari yake ɗauka ranar gasar gidaje. Ta wannan hanya ce wasan Fives, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya shigo Katsina da Birnin Kebbi a shekarun 1920, ya kama ƙasa har Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu sha'awarsa, kuma har gobe ana buga shi a garuruwanmu. Jami'o'inmu na farko ma a kan tsarin ɗakunan kwana masu suna aka gina su, irin su Mellanby da Tedder da Sultan Bello a Ibadan, ko Suleiman da Ɗanfodiyo da Amina da Ribadu a Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ke nan rukunonin suna nan, kishin rukuni ma yana nan, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗalibai suke cika fili ranar wasan ƙarshe na kofin shugaban jami'a ya san ba sha'awa ce ta yi ƙaranci ba.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗorewa. Kofin da ake bugawa mako biyu a shekara, na ƙwallon ƙafa kaɗai, na maza kaɗai, wanda kuma wanda aka ci sau ɗaya ya fita ke nan, ba shi ne abin da Michigan ta gina ba. A irin wannan kofi, rabin ƙungiyoyin wasa ɗaya tak suke bugawa a shekara, kuma gwanayen da ke cikin tawagar jami'a su ne dai suke cika ƙungiyoyin tsangayoyi. Jami'o'i da yawa suna karɓar kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista daga kowane ɗalibi, mace da namiji, gwani da wanda bai taɓa taka ƙwallo ba, don haka tambayar da ta dace ita ce kashi nawa ne na wannan kuɗi yake tafiya ga jigilar tawaga da masaukinta, kashi nawa kuma yake komawa ga wanda ya biya. Haka nan al'adar keɓe yammacin Laraba domin wasanni, wadda aka gada daga jami'o'in Ingila, ba ta da amfani idan malami zai iya sanya lacca ko gwaji a wannan lokaci ba tare da wani ya tanka masa ba. Ɗalibin da aka hana wa fili ba zama zai yi a ɗakin karatu ba, gidan kallon ƙwallo zai tafi ya biya kuɗi ya kalli Turawa suna gudu.

Ba kuma sai mun kwaikwayi gininsu ba, domin su sanyi ne ya kore su ciki, mu kuwa rana ce matsalarmu. Lokacin wasa a wurinmu ɗan tsakanin La'asar da Magariba ne, wanda bai isa ɗaruruwan ƙungiyoyi su yi amfani da fili ɗaya ba. Fitilu masu aiki da hasken rana a kan filayen ƙwallon kwando da ƙwallon raga za su buɗe sa'o'in bayan Isha'i, su kuma ba da damar ci gaba da wasa cikin watan azumi. Rumfa, da famfon ruwan sha, da ƙananan filaye na 'yan biyar-biyar kusa da ɗakunan kwana sun fi amfani ga ɗalibi gama-gari fiye da katafaren filin da ake kullewa sai ranar biki. Kamar yadda Mitchell ya duba abin da ɗalibansa za su iya ya tsara musu wasa, babu abin da zai hana langa da kokawa da dara su shiga jadawalin tara maki, tun da ba sa bukatar kayan da za a sayo daga waje.

Game da 'yan mata kuwa, tarihin Barbour da filin Palmer yana da abin da zai gaya mana kai tsaye. Ɗaliba da yawa a jami'o'in Arewa ba za ta yi gudu a filin da maza ke zaune suna kallo ba, iyayenta ma ba za su so ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki wannan a matsayin ƙin motsa jiki. Fili mai katanga a cikin harabar ɗakunan kwanan mata, da mai horarwa mace, da alƙalan wasa mata, da 'yancin sanya suturar da mutum ya natsu da ita, su ne za su fito da ita. Sharaɗin kawai shi ne kada keɓewar ta zama hujjar ba su tsohuwar raga da fasasshiyar ƙwallo, alhali kuɗin da suka biya daidai yake da na maza.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan wakilanka za su sake zantawa da daraktan wasanni na wata jami'a, to bayan sun tambaye shi yawan lambobin da tawagarsa ta ciwo, su ƙara da tambayarsa ɗalibai nawa ne suka buga wasa aƙalla sau ɗaya a zangon da ya wuce, nawa ne mata a cikinsu, wane jami'i ne aikinsa kaɗai shi ne shirya gasar cikin gida, kuma ƙarfe nawa ake buɗe filayen ake rufe su. Ina kuma roƙon a ware ɗan gurbi a shafin wasanni, ko da sau ɗaya ne a wata, domin sakamakon gasar ɗakunan kwana da ta tsangayoyi daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran garuruwan da ke da manyan makarantu, tare da sunayen ƙungiyoyin da teburin makinsu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin motsa jiki,
daga Zariya.